Ƙwacen Gonaki A Yammacin Kogin Jordan: Amsar Wasiƙa Daga Rogo

 

A cikin wasiƙun da suka iso wa wannan fili akwai wata daga wani ɗan'uwa mai fataucin hatsi da mazarƙwaila a ƙasar Rogo. Ya ce kusan kullum in ya buɗe rediyo sai ya ji ana cewa Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna sun far wa ƙauye kaza na Falasɗinawa, sun ƙone gonaki, sun kore tumaki. Shi ne yake tambaya, shin wannan ba irin rigimar manoma da makiyaya ba ce wadda muka saba gani da kaka? In kuwa ita ce, don me ba za a bar dagatansu su sasanta su ba? Ya kuma ƙara da cewa shi bai gane abin da ya kawo sunan Amurka a cikin rigimar gona ba.

Na gode wa wannan ɗan'uwa, domin tambayarsa ta fi yawancin jawaban da ake yi a kan Falasɗinu amfani. Da yake daga gona ya ɗauko ta, ni ma daga gona zan ɗauko amsarta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye ko ta Rogo ya san yadda abin yake. Shanu su shiga gonar dawa tun ba a kwashe ba, mai gona ya kai kuka wurin mai unguwa, daga nan a tafi wurin dagaci, in ta ƙi a dangana da hakimi ko alƙali. A tura dattawa su duba ɓarna, su ƙiyasta ta, a biya. Ba na cewa kullum ana yin adalci. Akwai inda ake cin hanci, akwai kuma inda aka zubar da jini, Allah ya kiyashe mu. Amma fa da manomin da makiyayin duk doka ɗaya ce a kansu, gaban alƙali ɗaya suke gurfana, kuma Bafulatani in ya gama kiwonsa gaba yake yi. Ba ya kafa shinge ya ce daga yau gonar ta zama tasa, ku kuma ku kwashe naku ya naku ku bar garin. Ko tashin da aka yi wa mutane lokacin da aka gina madatsar ruwan Challawa a ƙasar Karaye, tsakanin 1990 da 1992, duk da ɗacin rabuwa da gonar gado da kushewar iyaye, gwamnatin ƙasarsu ce ta tashe su don a tara ruwa. Ba a tashe su don a ɗauko waɗansu mutane daga wata nahiya a zaunar a gurbinsu ba. To, abin da ke faruwa a Yammacin Kogin Jordan shi ne wannan na ƙarshe.

A yaƙin watan Yuni na 1967 Isra'ila ta mamaye Yammacin Kogin Jordan da Gabashin Birnin Ƙudus da Zirin Gaza. Dokar duniya a kan ƙasar da aka ci da yaƙi a bayyane take: Yarjejeniyar Jeniba ta 4 ta 1949, sashe na 49, ta hana mai mamaya ya kwaso mutanensa ya zaunar a ƙasar da ya mamaye. Ba a ɓoye wa gwamnatin Isra'ila wannan ba, domin a watan Satumba na shekarar nan ta 1967 lauyan ma'aikatarta ta harkokin waje, Theodor Meron, ya rubuta mata takarda a asirce cewa kafa matsugunan farar hula a can ya saɓa wa yarjejeniyar. A cikin watan ne kuma aka kafa matsuguni na farko, Kfar Etzion. Da shekara ta kewayo, a watan Afrilu na 1968, wani malaminsu mai suna Moshe Levinger ya kama ɗakuna a wani otel a garin Halil, watau garin Annabi Ibrahim, shi da jama'arsa, da sunan za su yi bikin idinsu su koma. Idi ya wuce, suka ce ba inda za su. Daga wannan baƙunci aka sami matsugunin Kiryat Arba. Mu dai mun san baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa yau ta haura shekara 50 ba ta bushe ba. Lokacin da aka sa hannu a yarjejeniyar Oslo a 1993, 'yan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jordan ba su wuce wajen 110,000 ba, ban da na Ƙudus. Yanzu sun haura 500,000, in kuwa aka haɗa da na Gabashin Ƙudus sun zarce 700,000.

Yanzu ga inda nake so mai tambaya ya natsu, domin a nan ne sanda da takarda suke haɗuwa.

A 1979 Kotun Ƙoli ta Isra'ila ta yanke hukunci a shari'ar matsugunin Elon Moreh, kusa da Nabulus, cewa ba daidai ba ne a ƙwace gonar da ke da mai ita a gina matsuguni da sunan tsaro alhali ba tsaron ne dalili ba. Maimakon a daina, sai aka sake dabara. Aka tono tsohuwar dokar ƙasa ta 1858 ta Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba. A cikin wannan doka, gonar da aka bari ba a noma ba shekara 3 a jere tana iya komawa hannun sarki. Bugu da ƙari, tun 1968 sojan Isra'ila ya tsayar da aikin rajistar filaye, a lokacin kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku kaɗai aka yi wa rajista. Saboda haka galibin manoma ba su da wata hujja sai irin tamu: ubana ya noma, kakana ya noma, maƙwabta sun shaida. In aka ɗauki hoton gona daga jirgin sama aka ga ta zama saura, sai a yi shela cewa ta zama ƙasar gwamnati. Ƙasar gwamnatin kuma wa ake ba? Ƙungiyar Peace Now, ta Yahudawan Isra'ila ce, ta fitar da lissafin hukuma a 2018 wanda ya nuna cewa a cikin irin wannan ƙasa da aka raba, abin da aka ba Falasɗinawa bai kai ko 1 cikin 100 ba.

To, yaya za a yi gona ta zama saura alhali mai ita yana da rai da ƙarfinsa? Sai a hana shi zuwa. In ya tafi da garma a jefe shi. In ya koma a fasa masa mota, a sare masa itatuwa, a cike masa rijiya. In ya kai ƙara, soja ya ce wurin akwai tashin hankali, saboda haka an rufe shi, ba mai shiga sai da izini, izinin kuwa kwana biyu ko uku ne a shekara. Bayan 'yan shekaru sai takarda ta fito. Ashe ke nan yaron da ke riƙe da kulki a bakin gona da ma'aikacin da ke riƙe da taswira a ofis aiki ɗaya suke yi. Wannan shi ne ya sa na ƙi yarda da masu cewa ai 'yan samari ne marasa ji.

Alƙalanmu na Malikiyya sun san mas'alar hauzi, watau mutum ya riƙe gona shekara 10 mai ita yana nan yana gani bai ce uffan ba, sannan daga baya ya zo yana da'awa, ba za a saurare shi ba. Amma malamai sun gindaya sharaɗi: sai in babu abin da ya hana shi magana. Wanda ya yi shiru don tsoron mai ƙarfi, shirunsa ba ya zubar masa da hakki. Kuma in an san asalin shigar mutum gona ƙwace ne, tsawon zama ba ya halatta masa ita. Ku dubi bambancin. A nan an sa tsoro ya zama uzuri ga mai rauni, a can kuwa tsoron ne aka mai da shi hujjar raba shi da gonarsa.

Game da dagatai da mai tambaya ya ambata, ai ba a sasanta mutum biyu sai in akwai wanda dukansu suke jin maganarsa. A can kuwa doka biyu ce a ƙasa ɗaya. Ɗan kama-wuri-zauna in ya yi laifi kotun farar hula ta Isra'ila ake kai shi, in ma an kai shi. Bafalasɗine kuwa, ko da jifa yaro ya yi, kotun soja ce, inda rahoton kotunan na 2010 ya nuna an sami fiye da 99 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar da laifi. Ƙungiyar Yesh Din, ita ma ta Isra'ila, ta bi sawun ƙararrakin da Falasɗinawa suka kai wa 'yan sanda a kan 'yan kama-wuri-zauna tun daga 2005, ta tarar wajen 94 cikin 100 an rufe su ba a tuhumi kowa ba, wajen 3 cikin 100 kaɗai suka kai ga hukunci. Ina dagacin da zai shiga wannan?

Jinin da aka zubar yana da yawa, ba zan iya jero shi ba. A 1980 aka dasa wa magajin garin Nabulus, Bassam Shaka'a, bom a mota, ya rasa ƙafafunsa biyu. Ranar Juma'a 25 ga Fabrairu 1994, a tsakiyar watan azumi, wani likita mai suna Baruch Goldstein, haifaffen birnin New York mazaunin Kiryat Arba, ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim a Halil ana sallar Asuba ya buɗe wuta, ya kashe mutum 29, ya raunata fiye da 100. Abin da ya biyo baya ya isa abin lura: aka raba masallacin biyu, aka soma rufe wa mutanen garin babban titin kasuwarsu, Titin Shuhada, har daga baya ya zama kufai. Watau waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa su ne aka kulle wa shaguna. A 2015 aka cinna wa wani gida wuta da dare a ƙauyen Duma, jariri ɗan wata 18 ya ƙone, uwa da uba suka bi shi daga baya. Wannan kam an kama mutum guda an ɗaure shi rai da rai a 2020, kuma saboda ƙarancin irin haka ne ake ta ambatonsa. A 26 ga Fabrairu 2023, bayan wani Bafalasɗine ya harbe waɗansu 'yan'uwa biyu Yahudawa a garin Huwara, ɗaruruwan 'yan kama-wuri-zauna suka auka wa garin suna ƙone gidaje da motoci, har babban kwamandan sojan Isra'ila na yankin ya kira abin da sunan da Yahudawa suke kiran irin kisan gillar da aka yi wa kakanninsu a Rasha. Kwana kaɗan bayan haka ministan kuɗi, Bezalel Smotrich, wanda shi kansa a matsuguni yake zaune, ya fito ya ce kamata ya yi a shafe garin. Abokin aikinsa Itamar Ben-Gvir, wanda aka ba ma'aikatar 'yan sanda a gwamnatin da aka kafa a ƙarshen 2022, har zuwa 2020 hoton Goldstein yana rataye a falonsa.

Da yake ɗan'uwanmu ya yi maganar makiyaya, bari in gaya masa wani abu da zai ba shi mamaki. A 'yan shekarun nan kiwo ne ya zama babban makamin ƙwace. Mutum ɗaya da iyalinsa da 'yan samari kaɗan su kafa tunga a kan tudu, da garken tumaki da bindigogi. Kullum su kora garken cikin gonaki da makiyayar Falasɗinawa, su tsare rijiya, su bi dare suna razana mata da yara, har mutanen ƙauye su gaji su tashi. Haka aka yi wa mutanen Ain Samiya a watan Mayu 2023, da na Wadis Siƙ da Zanuta a watan Oktoba na shekarar. Shugaban ƙungiyar da ke gina matsugunan, Ze'ev Hever, ya faɗa da bakinsa a 2021 cewa tungayen kiwo sun kama ƙasa wajen ninki biyu na abin da gine-gine suka kama. Sunan ƙungiyar tasa kuwa, don Allah ku ji, Amana. A harshensu alkawari take nufi, amma Bahaushe in ya ji sai ya riƙe baki.

Sai maganar zaitun. A wurinmu kowa ya san ana gadon ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kamar yadda ake gadon gona, har akan sayar da gona a togace itacen da ke cikinta. Tsohuwa takan riƙe kanta da kalwar ɗorawa ɗaya. To, zaitun a wurin Bafalasɗine ya fi haka, domin akwai itacen da ya shekara ɗaruruwa yana ba da 'ya'ya, kuma wajen rabin ƙasar nomansu zaitun ne. Kakarsu takan faɗo a watan Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da mu ma muke kan girbi. A kakar 2023 ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa gonakin zaitun da suka haura hekta 9,600 ba a sami damar girbe su ba, kuma a ƙauyen Sawiya aka harbe wani magidanci yana tsinkar zaitun tare da iyalinsa. A watan Oktoba 2025 ofishin ya ƙirga hari fiye da 260 a wata guda, adadin da bai taɓa gani ba tun da ya fara lissafi a 2006. Wannan itace shi ne Allah ya yi rantsuwa da shi a Suratut Tin, ya kuma kira shi mai albarka a Suratun Nur. Duk ɗalibin da ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya san wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi da runduna, inda ya hana shi kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana shi sare itace mai ba da 'ya'ya da rushe gari da yanka dabba in ba don ci ba. Rundunar nan ƙasar Sham ta nufa, watau ƙasar da muke magana a kanta.

Wasiyyar nan ba ta da fuska biyu, tilas in faɗa. Ita ce ta hana sare zaitun, ita ce kuma ta hana kashe mace da yaro ko na wane ne, har da waɗanda aka kashe a gidajensu ranar 7 ga Oktoba 2023. Haka nan ba kowane Bayahude ne ɗan kama-wuri-zauna ba. Yawancin alƙaluman da na kawo a sama Yahudawa ne suka tattara su, kuma akwai malamansu da samarinsu da suke zuwa taya Falasɗinawa tsinkar zaitun suna shan duka tare da su. Ba kuma Musulmi kaɗai ake zalunta ba, garin Ɗayyiba na Kiristoci ne, shi ma an kai masa hari a 2025. Mai wa'azin da ya hau mumbari ya zagi jinsi ɗungurungum ya saɓa wa adalcin da aka umarce mu da shi ko ga wanda muke ƙi.

Yanzu sai tambaya ta biyu, mene ne ruwan Amurka. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa tunga a kan dutse ba ta ciyar da kanta. Hanya, ruwa, lantarki, mota, masu gadi, duk kuɗi ne. Mafi yawansu daga baitulmalin Isra'ila suke fitowa, ita kuwa a bisa yarjejeniyar 2016 Amurka tana ba ta taimakon soja na dala biliyan 38 a cikin shekara 10, daga 2019 zuwa 2028. Wanda aka ɗauke masa kuɗin makami, ai an sakar masa hannu ya yi gini. Ban da wannan akwai na 'yan sa kai. Jaridar Haaretz ta Isra'ila ta bincika a 2015, ta tarar ƙungiyoyi wajen 50 a Amurka sun aika wa matsugunan fiye da dala miliyan 220 tsakanin 2009 da 2013. Da yake an yi musu rajista a matsayin ƙungiyoyin jin ƙai, wanda ya ba su kuɗi sai a rage masa haraji, watau dai sadaka ake ɗaukar abin. Wani attajiri Irving Moskowitz, wanda ya mutu a 2016, da kuɗin gidan caca da yake da shi a Kalifoniya ya riƙa tallafa wa masu sayen gidaje a unguwannin Larabawa na Ƙudus. A 2020 BBC ta bayyana cewa kamfanonin da ke da alaƙa da Roman Abramovich, wanda ya taɓa mallakar ƙungiyar ƙwallo ta Chelsea da samarinmu suke kwana suna musu a kanta, sun ba ƙungiyar Elad mai mamaye unguwar Silwan wajen dala miliyan 100. Akwai kuma waɗansu majami'u na Amurka masu aƙidar cewa komawar Yahudawa wannan ƙasa sharaɗi ne na dawowar Annabi Isa, suna tara kuɗi, har suna tura mutane aikin gayya a gonakin inabi na matsugunan.

Kamfanoni ma suna ciki. A 2020 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sunayen kamfanoni 112 masu hulɗa da matsugunan, a 2025 jerin ya kai 158, a ciki har da Airbnb da Booking.com masu tallan masauki a gidajen da aka gina a ƙasar ƙwace. Ita kuwa motar rusau da mu ma muke kira katafila, daga sunan kamfanin Caterpillar muka samo kalmar, kuma a 2025 asusun ajiyar kuɗin man fetur na ƙasar Norway ya janye jarinsa daga kamfanin saboda aikin da ake yi da motocinsa a can.

Ta fuskar hukunci kuwa ba abin da ba a faɗa ba. Kwamitin Sulhu ya yi ƙuduri mai lamba 465 a 1980, ya sake yin mai lamba 2334 a 2016. Kotun Duniya da ke Hague ta bayyana a 19 ga Yuli 2024 cewa mamayar haramtacciya ce, a kwashe 'yan kama-wuri-zauna, kuma kada wata ƙasa ta taimaka wa ɗorewar lamarin. Shugaba Biden ya sa wa waɗansu daga cikinsu takunkumi a Fabrairu 2024, Shugaba Trump ya soke shi ranar da ya koma mulki a Janairu 2025. A watan Mayu na 2025 gwamnatin Isra'ila ta amince da sababbin matsugunai 22. Kada kuma mu tsaya a kan Turawa. A ƙarshen 2020, bayan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ƙulla zumunci da Isra'ila, shugaban majalisar matsugunan da ke kewayen Nabulus ya je Dubai ya sa hannu a cinikin man zaitun da zuma na matsugunan. Wannan ya fi mini ciwo a kan na Kalifoniya.

Hukuncin shari'armu a nan bai da wuyar ganewa. A Risala ta Ibn Abi Zaid an bayyana cewa wanda ya ƙwaci ƙasa ya yi gini ko shuka, ana umartarsa ya tumɓuke abinsa, sai in mai ƙasar ya ga dama ya biya shi kuɗin ɓaraguzan. Malaman mazhaba kuma sun ce wanda ya saya daga maƙwaci, ko ya gada, ko aka ba shi kyauta, muddin ya sani, hukuncinsu ɗaya. Abokin ɓarawo dai ɓarawo ne. Saboda haka ɗan kasuwar da ke shigo da kaya, musamman dabino gabanin azumi, ya riƙa duba inda aka noma shi, domin akwai manyan gonakin dabino na matsugunan a Kwarin Jordan da ake fitar da amfaninsu ƙasashen waje. Ya kuma lura kada ya haɗa da na Falasɗinawan Ariha, su ma suna noma shi suna neman mai saye. Mai son ba da taimako kuma ya ba da ta hanyar da ake bayar da lissafi, ba kowane mai jaka a ƙofar masallaci ba.

Ma'aikatan gwamnati kuwa ba sabon abu ba ne a wurinsu. Mu Allah ya tsare mu, dokar ƙasa ta 1910 ta hana Turawa su mallaki gonaki a Arewa kamar yadda suka yi a Kenya da Rodeshiya, amma duk da haka ba mu ce ba ruwanmu ba. A 1976 aka kafa asusun taimakon Kudancin Afirka, ma'aikata suka ba da kashi 2 cikin 100 na albashinsu, a 1979 kuma gwamnati ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP. Tun kafin nan Sardauna ya ƙi karɓar rancen Isra'ila wa Jihar Arewa, Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a 1973, ba ta mayar ba sai 1992. Ina kuma tunatar da mu, ni da ku, cewa hadisin da ya zo a Buhari da Muslim game da azabar wanda ya ci ko da taki ɗaya na ƙasar wani, da wanda Muslim ya ruwaito na tsinuwa ga mai gusar da alamar iyaka, ba don mutanen Kiryat Arba kaɗai aka faɗe su ba. Mai riƙe da gonar marayu, da wanda ya hana 'yan'uwansa mata rabonsu na gado, da ma'aikacin da ya yanka burtali ko filin makaranta ya sayar, duk suna ciki, ko a Karaye suke ko a Rogo ko a birni.

Akwai abu ɗaya da ban so in rufe ban gaya wa mai tambaya ba. A jikin Masallacin Ƙudus, daf da ƙofar da ake kira Babul Majlis, akwai tsofaffin gidajen saukar baƙi guda biyu tun na zamanin Mamluk, Ribaɗul Mansuri da Ribaɗu Ala'uddin. Mazaunansu baƙaƙen fata ne, jikokin alhazan da suka fito daga Nijeriya da Cadi da Sudan da Senegal, suka sauke farali a Makka, suka wuce ziyara Ƙudus, suka zauna, galibi a zamanin mulkin Ingila. A cikinsu akwai zuriyar Hausawa da Barebari da Fulani, kuma da yawa daga iyayensu gadin masallacin suka yi. Yau Falasɗinawa ne, Larabci suke yi, sai sun wuce shingen 'yan sanda suke shiga gidajensu. Lungunsu yana fita ne kan Titin Wadi, inda Ariel Sharon ya kama gida a 1987 ya kafa tuta, kuma a wannan unguwa ce ƙungiyar Ateret Cohanim, wadda ta ci kuɗin gidan cacar nan na Kalifoniya, take bin gidaje ɗaya bayan ɗaya.

Sauran wasiƙun da suka zo a kan zakkar amfanin gona, musamman ta masu noman rake, za mu duba su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.